Bakwaini da ciwon huhu mai daɗewa: me ɗigon jini ke iya faɗa ma likita?

A filin kiwon lafiya na wannan karon mun ɗauko maganar jariran da ke zuwa duniya tun lokacinsu bai yi ba, da wani ciwon huhu da ke bin mafi ƙanƙanta daga cikinsu, da kuma binciken da masana ke yi don su gano ciwon a cikin jini tun bai bayyana ba. Magana ce ta asibiti, amma za mu bi ta sannu-sannu, yadda uwa da kaka da mai gida za su samu abin riƙewa.

Wane ne bakwaini a lissafin likita?

Mu a gida da wata muke ƙirga ciki, su kuwa ma'aikatan lafiya da sati suke ƙirgawa, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Cikakken ciki sati 40 ne. Duk jaririn da aka haifa kafin sati 37 bakwaini ne a wurinsu, ko da ya wuce wata bakwai. Sun raba su gida uku: na sati 32 zuwa 36, na sati 28 zuwa 31, sai kuma na ƙasa da sati 28, wato wanda bai kai wata shida da rabi ba. Irin wannan na ƙarshe sau da yawa nauyinsa bai wuce kilo 1 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, kusan jariri 1 cikin kowane 10. A 2019 kuma yara wajen 900,000 suka rasu sanadin matsalolin haihuwa kafin lokaci.

Akwai wata magana da ake ji a ƙasashe da yawa, wai ɗan wata bakwai na rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya yi. Likitoci ba su ga haka ba. Kowane sati da jariri ya ƙara a cikin uwa, ƙarfi ne ya ƙaru gare shi, musamman a huhu.

Yadda huhu ke ginuwa

Huhu kamar itace yake wanda aka juya kansa ƙasa. Maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu rassa, rassan su yi ta rabuwa har su ƙare a wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkunan iska. Babban mutum yana da ɗaruruwan miliyoyinsu. Kowace jaka siraran jijiyoyin jini sun lulluɓe ta, kuma a nan ne iskar oksijan ke shiga jini, gurɓatacciyar iska ta fita.

Waɗannan jakunkuna su ne na ƙarshen ginuwa. Sai wajen sati 36 suke fara cika kamarsu, kuma suna ci gaba da yawaita a shekarun farko na rayuwar yaro. To kun ga wanda aka haifa a sati 26 ko 27, da huhun da ba a gama gininsa ba zai fara numfashi.

Ga kuma wani ruwa mai santsi da huhu ke yi, ana ce masa surfaktan, wanda ke hana jakunkunan mannewa idan an fitar da numfashi. A 1959 likita Mary Ellen Avery da abokin aikinta Jere Mead, a jami'ar Harvard ta Amurka, suka nuna cewa bakwainin da numfashi ke kashewa wannan ruwan ne babu a huhunsu. Ciwon bai bar gidan kowa ba: a watan Agusta na 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, mai suna Patrick, ya rasu da shi bai cika kwana biyu a duniya ba. Sai a 1980 likita Tetsuro Fujiwara na Japan ya nuna ana iya ɗura ma jariri surfaktan ta bututu numfashinsa ya gyaru.

Ciwon da ke biyo bayan ceto

Jaririn da huhunsa bai nuna ba yana buƙatar oksijan, wani lokaci har da na'urar da ke hura masa iska. Su ke ceton ransa. Amma kuma oksijan mai yawa yana ƙona naman huhu mai laushi, matsin na'ura yana buɗa jakunkunan fiye da kima, idan ƙwayoyin cuta suka shiga kuma kumburi ya ƙaru. Sai ginin huhun ya tsaya cik. Maimakon ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa, sai a samu manya ƴan kaɗan, jijiyoyin jinin ma ba su wadata ba.

Wannan shi ne ciwon huhu mai daɗewa na bakwaini. A takardun asibitin Faransa da ƙasashen da ke aiki da Faransanci za ku ga an rubuta DBP, a na Ingila da Amurka da Najeriya kuma BPD. Likitan hoto William Northway da abokan aikinsa na jami'ar Stanford ne suka fara bayyana shi a 1967.

Ta yaya ake cewa jariri yana da shi? Ana jira ne a gani. Idan ya kwashe kwana 28 yana kan oksijan, ana fara zargi. Hukuncin da aka fi aiki da shi sai ranar da lissafin cikinsa ya kai sati 36, wato satin da aka haife shi a haɗa da satin da ya yi a duniya. Idan har ranar bai rabu da oksijan ko na'ura ba, an ce yana da ciwon. A manyan asibitocin Amurka, kusan 4 cikin 10 na jariran da aka haifa ƙasa da sati 28 suna samun shi. A jaririn da ya wuce sati 32 kuwa ba kasafai ake ganinsa ba.

Mu lura da abu biyu. Ciwon ba tarin fuka ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Sannan ba laifin uwa ba ne.

Me ya kawo maganar jini?

Ku duba lissafin nan. Jaririn da aka haifa a sati 26, sai ya yi sati 10 kafin a tabbatar yana da ciwon. Alhali ɓarnar tun a kwanakin farko take farawa. Lokacin da aka tabbatar, damar rigakafi ta riga ta wuce.

Wani zai ce, to a ba kowa magani mana tun farko. Matsalar ita ce magungunan da ke kwantar da kumburin huhu suna da nasu haɗari. An daɗe ana ba bakwaini maganin deksametazon da yawa a satin farko. Numfashi ya kan gyaru, amma daga baya aka gano yana ƙara yawan yaran da ke tashi da lalurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi. Shi ya sa likita ke son sanin wane jariri ne haɗarinsa ya kai a ba shi irin wannan magani, wane ne kuma za a ƙyale.

A yanzu abin da likitoci ke dubawa shi ne satin haihuwa, nauyi, namiji ne ko mace (maza sun fi kamuwa), yawan oksijan da yake buƙata, da irin na'urar da yake kai. Wannan yana taimakawa, amma sai ka ga jarirai biyu sati ɗaya, nauyi ɗaya, wannan ya warke sumul, wancan ya daɗe a kan oksijan. Wannan bambancin ne ake nema a cikin jini.

Furotin ɗin da ake aunawa

Furotin ba a nama da wake kaɗai yake ba. Jiki da kansa yana ƙera dubban ire-irensa, kowanne da aikinsa, kuma da yawa suna yawo a jini kamar ƴan aike. Idan wata gaɓa ta shiga wahala, wasu su yawaita, wasu su ragu. Abin da ake nufi da alama a jini ke nan. Waɗanda aka fi bincika a wannan ciwo sun kasu kamar haka:

- Masu shelar kumburi. Irin su IL-6 da IL-8. Su ke kiran sojojin jiki zuwa inda cuta ko rauni yake. An sha ganin sun yi yawa a jinin cibiya ko a kwanakin farko na jariran da daga baya suka kamu, musamman idan ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan mahaifa kafin haihuwa.
- Waɗanda huhu da kansa ke fitarwa. KL-6, wanda masanan Japan suka fi bincika, yana ƙaruwa a jini idan bangon jakunkunan iska ya ji rauni. CC16 kuwa mai kare hanyoyin iska ne, kuma ƙarancinsa ne ake dangantawa da ciwon.
- Masu gina jijiyoyin jini. VEGF shi ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro, kuma jakunkunan iska ba sa yawaita sai da su. A cikin mace mai hawan jini na ciki, wanda muke ce ma tansiyo, mabiyiya tana fitar da wani furotin, sFlt-1, mai ɗaure VEGF ya hana shi aiki.
- Mai sa girma. IGF-1 yana ƙaruwa a jinin ɗan tayi a watannin ƙarshe na ciki. Da an haifi bakwaini sai ya faɗi ƙasa warwas. Masanan Suwidin sun nuna cewa daɗewarsa a ƙasa tana tafiya da ciwon ido da na huhu. An gwada mayar ma jarirai da shi ta jijiya, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna raguwar ciwon huhu mai tsanani, amma har yanzu a matakin gwaji yake.
- Mai kawo labarin zuciya. NT-proBNP yana hawa idan zuciya tana aiki fiye da ƙarfinta. Wasu masu wannan ciwo jini kan yi musu hawa a jijiyoyin huhu, sai ɓangaren dama na zuciya ya wahala. Wannan awo, tare da hoton zuciya, ana aiki da shi a manyan asibitoci don bin diddigin hakan.

A da, kowane furotin sai an ɗebi jini dominsa. Ga bakwaini kuwa jini dukiya ne: mai kilo 1 duka jinin jikinsa mililita 90 ne ko ɗan fiye, abin da bai fi cikin kofin shayi ɗaya da ɗan ɗori ba. Yanzu akwai na'urori irin na kamfanin Olink na Suwidin da SomaScan na Amurka, masu auna ɗaruruwa har dubban furotin daga ƴan ɗigo kaɗan. Da su ne masu bincike ke neman tarin alamomi da za a karanta tare, kamar yadda manomi ke haɗa iska da gajimare da zafi kafin ya ce ruwa na tafe.

Ina aka kwana?

Gaskiyar magana, har yau babu wani awon jini guda da aka amince a yi aiki da shi a asibiti don a ce wannan jariri zai kamu, wancan ba zai kamu ba. Ko a Paris ko a New York babu shi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, a kan jarirai sama da 1000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa, ya ga alaƙa tsakanin masu shelar kumburi da ciwon, amma da aka ɗora su a kan abin da likita ya riga ya sani na sati da nauyi da oksijan, ƙarin hasken da suka kawo kaɗan ne.

Dalilan a bayyane suke. Yawan furotin yana sauyawa daga rana zuwa rana. Ƙwayar cuta a jini ko ƙarin jini na iya motsa shi ba tare da huhu ya taɓu ba. Yawancin binciken a kan jarirai kaɗan aka yi, a asibiti ɗaya, kuma sai a maimaita a wani wuri a samu wani sakamako dabam. Sannan ganin furotin ya hau tare da ciwo bai nuna shi ya jawo ciwon ba, hayaƙi ne ko wutar ce, sai an ƙara bincike. Akasarin aikin ma a Turai da Amurka da gabashin Asiya aka yi shi.

Don haka duk wanda ya ce muku yana da awon jini ko maganin da ke wanke huhun bakwaini, ku riƙe kuɗinku.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Allurar nunar da huhu ita ce ta farko. Idan naƙuda ta taso tsakanin sati 24 da 34, ana yi ma uwa allurar deksametazon sau 4, awa 12 tsakani, don huhun jariri ya yi saurin nuna. Wannan dabam yake da ba jariri maganin bayan haihuwa. Graham Liggins da Ross Howie na ƙasar New Zealand suka nuna amfaninta a 1972. A 2020 OMS ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangladesh: mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. A asibiti kaɗai ake yin ta, inda aka tabbatar da satin ciki kuma akwai kayan kula da jariri.

Na biyu, taimakon numfashi mai taushi. Na'urar CPAP tana tura iska a hankali ta hanci ba tare da zura bututu a maƙogwaro ba. Akwai samfurinta mai sauƙin kuɗi, wanda ke aiki da kwalbar ruwa mai kumfa, irin wanda aka yaɗa a asibitocin Malawi.

Na uku, oksijan da awo. Ana maƙala ma jariri ƴar na'ura a hannu ko ƙafa, a riƙe awon tsakanin 90 da 95. Wuce haka yana cutar da huhu da ido. A shekarun 1940 da 1950 dubban bakwaini suka makance saboda yawan oksijan, cikinsu har da mawaƙin Amurka Stevie Wonder da aka haifa a 1950. Shi ya sa muke roƙon masu jinya, kar wanda ya taɓa makunnin oksijan don ya ga jariri na haki. A kira ma'aikaci.

Na huɗu, maganin kafeyin. Gwajin da likita Barbara Schmidt ta jagoranta, wanda ya fito a 2006 a kan jarirai sama da 2000, ya nuna ciwon ya ragu daga kashi 47 zuwa 36 cikin 100. Magani ne na asibiti da ake aunawa daidai da nauyin jariri. Ba kofi ba ne, ba shayi ba ne, kar a ɗura ma jariri ko ɗaya. A Faransa kuma, gwajin da ya fito a 2016 ya nuna ƙaramin awo na maganin hidrokortizon a kwana 10 na farko ya ɗaga yawan waɗanda suka rayu babu ciwon daga kashi 51 zuwa 60.

Na biyar, nonon uwa da ɗumin ƙirji. Dabarar kangaru, wato a kwantar da jariri tsirara a ƙirjin uwa fata da fata a ɗaure da zane, a birnin Bogota na Kolombiya aka fara ta a 1978. Gwajin da aka yi a Gana, Najeriya, Malawi, Tanzaniya da Indiya, wanda ya fito a 2021, ya nuna fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 da kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma na iya karɓar uwa, kaka ma haka.

Mu nan gida fa?

A karkararmu, yaƙin farko shi ne bakwaini ya tsallake kwanakin farko: sanyi, numfashi, yunwa da ƙwayoyin cuta. Amma yayin da oksijan da na'urori ke ƙaruwa a asibitoci irin su gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai da cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ƙanana da yawa za su rayu, kuma za a riƙa ganin wannan ciwo. Gara mu san shi tun yanzu.

Rigakafin ya fara daga awon ciki. OMS ta ba da shawarar zuwa sau 8. A can ake auna tansiyo, a ba da maganin ƙarin jini, da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake fara sha bayan wata uku na farko, wata-wata, aƙalla sau 3. Zazzaɓin sauro, ciwon sanyi na mara da fitsari, ciki a ƙananan shekaru, haihuwa kusa-kusa da cikin tagwaye duk suna cikin abubuwan da ke kawo haihuwa kafin lokaci. Mace ta ga ruwa ya fashe, ko jini, ko ciwon mara mai zuwa yana komawa alhali wata tara bai cika ba, a tafi CSI nan take, ko da tsakar dare ne. Awannin nan su ne allurar nunar da huhu ke buƙata.

Idan an sallamo jariri

Yawancin masu wannan ciwo suna rabuwa da oksijan cikin watanni, domin huhu na ci gaba da tsiro da sababbin jakunkuna. Amma a shekara biyun farko mura kaɗan na iya mayar da su asibiti, wasu kuma kan tashi da shaƙewar ƙirji mai kama da asma. Ga abin da gida zai kiyaye:

- Hayaƙi abokin gaba ne: na itacen girki, na gawayin ɗumama ɗakin mai jego, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa da taba. A lokacin hunturu a kare shi daga ƙura.
- Ƴan barka su yi haƙuri. Mai mura ko tari ya tsaya daga waje, mai ɗauka ya wanke hannu da sabulu. Ana iya raɗa suna ba tare da an yi ta yawo da jariri hannu-hannu ba.
- Nono zalla har wata 6. Idan ba ya iya tsotsa, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi yadda ma'aikata suka nuna. Ba ruwa, ba dauri, kuma a ɗaga ma wanzami ƙafa.
- Allurar rigakafi da ranar haihuwa take tafiya, ba a jinkirta ta don yaro ƙarami ne sai in likita ya ce. Girma da wayo kuwa da ranar da ya kamata a haife shi ake auna su: wanda ya zo da saura wata 3, in ya kai wata 6 kamar ɗan wata 3 ne.

A garzaya asibiti idan numfashi ya kai 60 a minti ɗaya ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga wanda ya wuce haka har zuwa shekara, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, ko yana gurnani, ko leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi, ko numfashi na ɗaukewa, ko ya ƙi nono, ko jiki ya yi sanyi ƙalau ko zafi.

Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Saudiyya, waɗanda jaririnsu ke kwance a kwalba, ga tambayoyin da za ku iya yi ma likita: a sati nawa aka haife shi, oksijan kashi nawa yake kai yau, yana kan kafeyin, yaushe za a duba idonsa da zuciyarsa, kuma zai samu allurar kariya daga ƙwayar mura ta VRS kafin sallama? Idan aka nemi izininku a ɗebi ɗigon jininsa don bincike, kuna da ikon yarda ko ƙi, kuma ƙin ba zai rage masa kulawa ba. Masu aiko da kuɗi gida kuma, kuɗin motar zuwa awon ciki da na komawa asibiti bayan sallama suna cikin taimakon da ya fi amfani.

Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya. Sai mun haɗu a fili na gaba.